Man Kaɗe da Kayan Shafa na Gida: Abin da Ke Ɓata Su da Abin da Ke Tsare Su

Jawabin malamin gona ga manoma da iyalinsu a cikin birnin Kano

Ina gai da iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gida, domin yawancin abin da zan faɗa yau aikin hannunsu ne, ko da yake riba da hasarar da ke ciki na kowa ne a gidan.

Yau za mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu yi maganar man shafawa. Da yawanku a cikin badala kuke kwana, gonakinku suna waje. Kuna noma gyaɗa da riɗi, wasu suna da lalle a gefen gona, wasu kuma suna da 'yan'uwa a kudancin jiha, wajen Tudun Wada da Doguwa inda kaɗanya take, ana aiko musu da ƙwara ko da man, su kai Kasuwar Kurmi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake ciniki a kasuwar nan, kuma har gobe mai neman lalle ko sabulun salo ko man kaɗe can yake nufa. To, kun san man kaɗe da damina zuwa kaka ake yin sa, amma ba ya daraja sai hunturu ya shigo, lokacin da ƙafa ke faso, leɓe yana tsagewa, yara sun yi fururu. Tsakanin yi da sayarwa akwai wata huɗu zuwa shida. Wanda mansa ya kai hunturu lafiya shi ne ya ci riba.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu. Bara waccan wata ƙanwata ta sayi man kaɗe mai kyau. Ta ga ana koyar da haɗa man gyaran jiki a waya, sai ta narka shi, ta zuba ruwan alobera da ruwan wardi da ɗan zuma, ta buga shi har ya yi fari kamar kindirmo. Ta cika robobi talatin. Satin farko ana saye ana yabawa. Kafin sati na uku waɗanda suka rage a ɗaki sun soma tsami, murfin wasu ya kumbura, wasu sun yi ɗigo-ɗigon baƙi a sama. Wata baiwar Allah da ta saya wa 'yarta ta dawo da shi, fuskar yarinya duk ƙuraje, ga biki saura kwana huɗu. Jari ya tafi, aka kuma yi ta bi ana ba da haƙuri. Amma ragowar man da ba ta taɓa ba, wanda ta rufe cikin langa a ƙarƙashin gado, har ya shekara lafiyarsa lau. Mai ɗaya, ɗaki ɗaya, zafi ɗaya. Abin da ya raba su shi ne ruwa.

Wannan ba sabon ilmi ba ne gare ku. Idan kun sayi ɗanyen man shanu a wurin Fulani kuka ajiye shi haka nan da nono a jikinsa, kwana nawa yake yi? Amma idan uwargida ta soya shi har ruwan ya ƙone, ta tace a kwalba, sai ya yi watanni. Haka garin kunu yake daɗewa, kunun da aka dama kuwa ba ya wuce kwana. Haka kilishi da ɗanyen nama. Man shafawa ma dokarsa ke nan.

Iri biyu na lalacewa

Ya kamata a rarrabe, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Na farko shi ne tsufan mai. Iska da hasken rana da zafi suna cin mai sannu a hankali, har ƙanshinsa ya juya, ya yi wani irin hamami kamar tsohon fenti, idan an ɗanɗana ya riƙa maƙaƙi a wuya. Tsatsar ƙarfe da tagulla suna ƙara masa sauri ƙwarai. Wannan yakan ɗauki watanni. Man gyaɗa ya fi saurin kamuwa. Man riɗi yana da juriya, domin akwai wani sinadari a cikin riɗi da ke tsare shi. Man kaɗe ya fi su duka, saboda mai ne mai daskarewa, kuma da bitamin E nasa yake zuwa tun daga itace. Wani Bature matafiyi, Mungo Park, da ya ratsa ƙasar Bambara a Mali ta yau, ya rubuta a littafinsa na 1799 cewa man kaɗe yana shekara ba a sa masa gishiri ba. Abin ya ba shi mamaki ne don man shanun ƙasarsu ba ya ajiyuwa sai da gishiri. Kakanninmu kuwa da ma sun sani.

Na biyu shi ne ruɓa, watau aikin funfuna da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Su waɗannan ba sa iya hayayyafa a cikin zallan mai, tilas sai da ruwa. Amma da sun sami ruwa da ɗumi da ɗan abinci, kamar zuma ko madara ko ruwan ganye, to, sai abin da Allah ya yi. Ƙwaya ɗaya, idan ta sami yadda take so, tana rabuwa biyu cikin minti 20. Ku lissafa: cikin awa 7 ta haura miliyan. Zafin ɗakin Kano da bazara kuwa shi ne ainihin abin da take so. Abin tsoro a nan shi ne mai yana iya cika da su tun bai canza kama ko wari ba. Idan aka shafa a lafiyayyar fata wataƙila a sha, amma a kan faso, ko ƙuna, ko ƙurji, ko kusa da ido, ko a jikin jariri, nan ne ake samun ɓarna. A Amurka cikin shekarun 1970 an sami matan da idonsu ya lalace saboda kwalliyar gashin ido da ƙwayar cuta ta shiga cikinta, har hukuma ta matsa wa kamfanoni su gyara yadda suke tsare kayansu.

Tun daga gindin kaɗanya

Yawancin man da ke lalacewa a Kurmi, tun a ƙauye aka ɓata shi. Don haka ku isar da wannan saƙo ga masu aiko muku.

Kaɗanya ba a kaɗo ta, sai a bari ta faɗo da kanta. Amma idan ta faɗo kada a bari ta daɗe a ƙasa, kada kuma a tara ta tuli guda a bayan ɗaki ana jiran a gama noman farko. Na san lokacin ne aiki ya fi yawa a gona, hannu ba ya isa. Duk da haka ƙwarar da ta yi kwanaki a jiƙe takan soma tsiro, kuma da ta soma, man da ke cikinta ya fara tsami ke nan, babu abin da zai komo da shi. A cire naman, a dafa ƙwarar cikin kwana uku, in ya yi tsanani kada a wuce mako. Idan ruwan ya tafasa a ba ta minti 30 zuwa 40. Dahuwar nan ita ke kashe tsiron. Kada kuma a wuce haka da yawa, sai ta sha ruwa ta yi wuyar bushewa.

Sa'an nan shanya. A baza ta a kan tabarma ko daɓe mai tsabta, kada a yi kauri, a riƙa juyawa, a kwashe da yamma ko in hadari ya taso. Kada a shanya a bakin titi kan kwalta. Kada kuma a busar da ita a kan hayaƙi, domin hayaƙi yana shiga cikin man ya bar wani dafi, masu saye na ƙasashen waje suna aunawa su ƙi karɓa. Idan ka girgiza ƙwara ka ji tana kaɗawa cikin ɓawonta, a fasa, a sake shanya tsakin. Masu saye suna son danshinta ya sauko wajen kashi 7 cikin 100. Ku ba ku da na'urar awo, amma kuna da haƙori: busasshiya takan fashe ƙas, ba ta lanƙwasa. A tsince baƙaƙe da masu funfuna da masu tsiro a ware su, a yi sabulu da su. Mudu ɗaya na ruɓaɓɓiya yana rage darajar buhu.

A zuba a buhun algarara wanda iska ke ratsawa, a ɗora kan katako nesa da bango. Buhun leda yana sa ta gumi.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Mu manoma idan aka ce maganin ajiya, hankalinmu yakan tafi ga hodar da ake barbaɗa wa wake da masara, ko ruwan feshin nan da wasu ke yayyafawa a buhu. Kada a kusantar da ko ɗaya daga cikinsu ga ƙwarar kaɗe ko gyaɗa ko riɗin da za a matse. Yawancin magungunan ƙwari suna narkewa cikin mai, ba su fita da wanki, ba su fita da suya. Haka nan jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi ko fetur ko baƙin mai, ko an wanke ta sau goma, ba ta zama mazubin man shafawa ba.

Wajen yin man kuwa, wuri biyu ake kuskure. Na ɗaya ruwan da ake buga ƙullin da shi, ake kuma wanke farin kumfan da ya taso. Ya zama ruwan da za ka iya sha. Ruwan kududdufi ba ya cikin lissafi, balle na Jakara. Ko na rijiya ne ko na 'yan ga-ruwa, in ana shakka a tafasa shi tukuna. Na biyu dahuwar ƙarshe. Mata sukan sauke tukunya da wuri don tsimin itace, ko don gudun kada man ya ragu. A bar shi kan wuta marar ƙarfi har ya daina tafasa da ƙara, ya kwanta shiru, ya yi garau. Gwajinsa mai sauƙi ne: ɗiga kaɗan a kasko mai zafi. In ya yi tartsatsi akwai sauran ruwa. In ya narke shiru, ya yi. Sai a bari dattin ya kwanta, a tace da farin ƙyalle busasshe. Ma'aunin da hukumar Kodeks ta duniya ta tsara wa man kaɗen Afirka a 2017 bai yarda ruwa ya wuce kashi 0.2 cikin 100 ba. Watau a kilo guda na mai, ruwan da aka yafe bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba.

Akwai kuma masu buga ruwa cikin daskararren mai da gangan don ya yi fari ya ƙara auki. Wannan algus ne, kuma wauta ce, gama mai irin wannan ba ya kai wata biyu bai yi funfuna ba, wanda ya saya kuwa ba zai manta fuskar mai shi ba.

Me ya sa nake nacewa a kan haka? A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwara zuwa waje na wata shida, don a riƙa sarrafa ta a gida. Farashin ƙwara ya faɗi a lokacin. Wanda ƙwararsa ta bushe sosai, ko ya mai da ita mai mai ajiyuwa, ya iya jira. Wanda tasa ke da danshi dole ya sayar yadda aka taya.

Mazubi da wurin ajiya

Mutanen da a tandu suke zuba mai, ko ƙwarya mai murfi, su sa a lungun ɗakin ƙasa mai sanyi da duhu. Dabara ce mai kyau. Yau a sami langa wadda ba ta ɓantare ba, ko kwalba, ko sabon bokitin roba mai murfi irin na abinci. A wanke, a shanya har ya bushe ƙayau, a cika shi har baki don kada iska ta sami wurin zama, a rufe. Gwangwani mai tsatsa bai dace ba. Kada a ajiye a ɗakin kwano inda rana ke dukansa, kada kuma mai talla ya baza shi a buɗe cikin rana tun safe har la'asar. A ɗebi na ranar kawai.

A gida kuma, a raba na amfani da na ajiya. Yaro ya fito wanka da jiƙaƙƙen hannu ya tsoma cikin babban mazubi, kun ga an zuba ruwa da datti ke nan. A ɗiba da busasshen cokali a ƙaramar roba.

Da bazara man kaɗe yakan narke ya sake daskarewa, sai ya yi tsaki-tsaki kamar an zuba masa yashi. Wannan ba lalacewa ba ce, kada a zubar. A narka shi gaba ɗaya, a sa wuri mai sanyi ana motsawa, zai koma sumul.

Idan an ce sai an sa ruwa

Yanzu ga inda ƙanwata ta faɗa. Mutane suna son mai mai laushi wanda ke shiga jiki nan da nan, irin na kanti. Shi wannan, rabinsa ko fiye ruwa ne. To, yaya yake shekara a kanti bai ruɓe ba? Domin an sa masa maganin hana ruɓa, an auna shi daidai. In kun ji mai sayarwa yana cewa nasa haɗin gida ne zalla, akwai ruwa ciki, babu maganin kome, kuma yana wata shida, to ɗayan biyu ne: ko an sa bai sani ba, ko ya lalace bai gani ba.

Wasu suna tsoron magungunan nan don sunansu na Turanci ne. Ga kaɗan daga cikinsu. Akwai sodiyam benzowet, wanda ake sa wa lemon kwalba ma. Asalinsa daga ƙaron turaren nan da Larabawa ke kira lubban jawi aka fara samo shi, kuma masu haɗa magani a Turai sun daɗe suna sa ƙaron cikin kitsen man shafawa don kada ya tsufa. Akwai fotashiyam sobet, wanda aka fara tsamo tushensa daga 'ya'yan wani itace na Turai a 1859. Akwai fenoksi-etanol, akwai kuma dangin faraben. Dukansu kaɗan ake sawa. Dokar ƙasashen Turai ba ta yarda fenoksi-etanol ya wuce giram 10 a kilo ba, benzowet kuwa wajen giram 5 a man da zai zauna a jiki. In ya gaza bai yi aiki ba, in ya zarce ya ci fata. Daɗin daɗawa benzowet da sobet ba sa aiki sai haɗin yana da ɗan tsami. In ka zuba su cikin narkakken sabulu ka yi hasarar kuɗinka. Saboda haka ba aikin cokali da ƙiyasin ido ba ne. Sai da ƙaramin sikeli mai auna giram, da takardar gwajin tsami, da wanda ya koya maka. Mai son ya yi sana'ar sosai ya je ya koya, ya kuma yi rajistar kayansa a hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don irin wannan.

Akan tambaye ni, to kanumfari fa, ko lemon tsami, ko bitamin E da ake sayarwa a kemis? Bitamin E yana jinkirta tsufan mai, amma ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Kanumfari yana da ɗan ƙarfi, sai dai yawan da zai tsare roba guda zai ƙona fuska. Lemon tsami kuwa ruwa ne ka ƙara. Zuma ita kaɗai ba ta lalacewa don ruwan cikinta kaɗan ne, amma da an sirka ta ta zama abincin ƙwayoyin, har ta yi tsami ta kumbura murfi. Firji yana jinkirtawa na kamar mako guda, in wuta ta zauna, kun kuwa san halin wuta.

Ni dai shawarata ga mai ƙaramin jari ita ce ya tsaya ga haɗin da babu ruwa. In ana son laushi, a narka man kaɗe kashi uku, a zuba man riɗi ko alayyadi kashi ɗaya, a buga shi yana hucewa har ya yi sauƙi. In ana son ƙanshi a ɗiga turare na mai. Wannan ba ya bukatar maganin kome, kuma zai kai hunturu. Abin da ke da ruwa kuwa, kamar kurkur da madara, ko alobera, ko dilkar amarya, a kwaɓa na yini ɗaya, abin da ya rage a zubar.

Lalle ma haka. A shanya ganyen a inuwa, a daka, a tankaɗe, a ƙulle garin inda haske da danshi ba sa kai masa, sai ya riƙe kamunsa. Kwaɓaɓɓe kuwa kwana ɗaya ko biyu ya gama aiki. Sabulun salo tokar da ke jikinsa ce ke tsare shi muddin yana dunƙule a busasshen wuri. Amma masu jiƙa shi a roba su tsinka shi da ruwa, su ƙara zuma da ganye, su ajiye wata da watanni, sun fitar da shi daga wannan kariya.

Abu ɗaya game da jarirai. Man kaɗe mai tsabta yana da kyau a jikinsu, amma ban da cibiyar da ba ta warke ba. Ita akwai maganinta da ake bayarwa a asibiti, a nema a wurin ungozoma.

Kowane mazubi a rubuta masa watan da aka cika shi a jikin murfi, a fara sayar da tsoho kafin sabo. Na ga wasu sun zo da kwalabensu da robobinsu. A hura mana gawayi a kawo kasko, mu ɗiga na kowa mu ji wanda zai yi tartsatsi. Wanda bai zo da nasa ba ya kawo wa malamin gona na unguwarsu ranar da ya zagayo.